Tsakiyar Littafin Tana Wajen Gwaggo

A gidanmu na Dayi an yi wani rabon gado da har yau in na tuna shi sai raina ya sosu, ko da yake lokacin da aka yi shi ko rarrafe ban fara ba. Da kakana ya rasu ya bar gona, da ɗan garken awaki, da littafi guda a cikin gafaka. Gona da awaki an raba su yadda shari'a ta ce, ba wanda ya yi ƙorafi. Da aka zo kan littafin sai kowa ya kafe, ba mai bar wa ɗan'uwansa albarkar kakanni. Littattafan mutanen da kuwa ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne ake jerawa a ɗaure da igiyar fata. Sai aka kasa shi kamar ana kasa gyaɗa. Mahaifina ya ɗauki farko, baffana na Tsiga ya ɗauki ƙarshe, ƙanwarsu Gwaggo aka ba ta ɗan abin da ke tsakiya, rabin kason namiji, ta tafi da shi ɗakin mijinta a Kafur.

Kakan mahaifina ne ya kwafi littafin da hannunsa a ƙarni na sha tara, zamanin da mutanenmu ke noma ido ɗaya a kan kunya ɗaya a kan hanya, don tsoron mahara. Littafin fiƙihu ne, irin wanda ba a rasawa a makarantun zaure. Abin da ya bambanta shi yana gefen shafi. Tsohon yana da ɗabi'ar rubuta abin da ya gani da ajami: shekarar da fara ta sauka, shekarar da aka ɗaga ganuwa, wanda aka kama a gona ba a sake jin ɗuriyarsa ba, daminar da dawa ta yi kyau har aka rasa rumbun zubawa.

Ban damu da wannan duka ba sai da na manyanta. Ina koyarwa a Funtua na samu damar komawa jami'a ƙaro karatu, a can na gano wani ɗaki a ƙuryar ɗakin karatu inda ake ajiye tsofaffin takardu. Sanyi ne a ciki kamar randa. Akwai hotunan makarantar tun tana fili da 'yan gine-gine, da mujallun ɗaliban farko, da kaset-kaset na hirar dattawa, da littattafan hannu kowane a kwalinsa. Na tambayi malamin da ke kula da wurin abin da suke da shi a kan ƙasarmu ta Dayi. Ya kawo mini kwali ɗaya, shi ma bai cika ba. Kusan duk rahotannin Turawa ne a kan auduga da hanyar mota. Kai ka ce sai ranar da Bature ya iso da ma'aunin audugarsa aka halicce mu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma a nan tsaye na ƙudurta sai na haɗa littafin nan na kawo shi.

Mahaifina da baffana duk sun riga mu gidan gaskiya a lokacin. Kason gidanmu na same shi a ƙasan adaka, gara ta ɗan lashi gefensa. Na Tsiga ɗan baffana ya miƙo mini ko zama ban gama yi ba. Na ce a raina an gama, saura Gwaggo, ita kuwa ai ko alif ba ta sani ba.

Ashe can aikin yake.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarzar masara. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da su tarihi da amfanin 'yan baya. Ta bar ni na zuba har na gaji, sannan ta ce, "Ka gama, malamin boko? To mi za su yi da shi can?"

Na ce, "Adanawa za su yi, Gwaggo."

"Ni kuma zubarwa nake yi?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi a cikin farin ƙyalle. Da ta kwance sai ƙamshin ganyen bedi, wato dogon yaro, ya tashi. Kowace Juma'a, in ji ta, takan fito da takardun su sha iska, ta sake musu ganye saboda ƙwari. Ba falle ɗaya da ya karye. Ta ce, "Awakin da aka ba ni sun mutu, gonar yayyena suka noma. Wannan kaɗai ne na fito da shi daga gidan ubana bai ƙare ba. Kai kuma ka zo da bakinka mai zaƙi."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce littafi ba tsakiya ai jiki ne ba ciki. Ta ce to jikin ya zo Kafur ya tarar da cikinsa. Na yi ta zarya har 'yan acaɓan tasha suka san ni. Daga ƙarshe muka tsaya a kan cewa za ta bi ni da ƙafarta, a ɗauki hoton takardun tana gani, ta dawo da abinta.

Muka shiga mota bayan an gama girbi. Duk tsawon hanya ƙunshin na kan cinyarta, ta ƙi yarda a sa shi a jaka. A ƙofar ɗakin ajiyar ta cire takalmi, na ce ba masallaci ba ne, ta harare ni.

Malamin ya gaishe ta da ladabi, ya shimfiɗa kason mahaifina a dama, na baffana a hagu, ya bar wuri a tsakiya. Ya ɗaga falle ɗaya na Gwaggo ya haska a fitila, ya nuna mata tambarin jinjirin wata guda uku a jikin takardar, ya ce irin wadda fatake ke kawowa ta hamada ce. Ta ce duk zamanta da su ba ta taɓa sanin akwai wata a ciki ba. Sannan ya nuna mana dabarar magabata: a ƙasan kowane falle sukan rubuta kalmar da za ta fara na gaba, don kada jeri ya rikice. Kalmar da ke ƙasan fallen ƙarshe na mahaifina ita ce ta buɗe na Gwaggo. Nata na ƙarshe kuma ya miƙa wa na baffana. Ko ɗaya bai ɓace ba.

Ta ce, "Malam, karanta mini na gefen nan in ji."

Ya karanta a hankali. Labarin wata shekara ce da aka kwana biyu ba ruwa, mutane suka fita roƙo, aka yi shuka sau biyu. Ya fara a kason yayanta, ya ratsa nata, ya ƙare a na ɗaya yayan. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ni na san ba fari take ji ba. Mutum uku aka kasa wa littafin nan, ita kaɗai ta rage.

Da aka gama ɗaukar hoton, malamin ya fara zare nata don ya mayar mata. Ta ɗaga hannu ta ce, "Bar su. Sun daɗe ba su ga juna ba."

Abin da na yi ta nema ke nan, amma da ya samu ban ji daɗin da na zata ba. Aka jera littafin cif, aka kawo sabon kwali, wata ma'aikaciya sanye da safar hannu ta ɗauka za ta sa a ciki. Gwaggo ta miƙa hannu don ta shafa na tsakiyar nan, yadda ta saba kafin ta ɗaure. Ma'aikaciyar ta ɗan janye, ta ce cikin taushin murya, "Yi haƙuri Hajiya, ba a taɓawa da hannu haka, gumi yana ɓata su."

Gaskiya ta faɗa, dokar wurin ce, kuma don ita na kawo littafin. Gwaggo ta tsaya da hannunta a sama. Sannan ta mayar da shi cikin mayafi, ta juyo ta dube ni, ta yi 'yar dariya.

"Ɗan nan," ta ce, "tun ban fita ba har na zama baƙuwa?"