Bana Ba Wadda Ta Haihu a Kwalekwale

Jiya ina tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa sai ga Kawu Bukar, ƙanin mahaifiyata, da ƙunshin busasshen kifi. Shi ne da zan tafi digiri na biyu kan shugabancin aikin jinya ya ce, "Yo allurar ma sai an ƙaro mata digiri?"

Da na dawo aka ba ni shugabancin ma'aikatan jinya a asibitinmu na Haɗeja. Abin da ya fi ci min rai goyon ciki ne. A mayar da mace gidan iyayenta a ƙauyen fadama, kogi ya cika ya datse hanya, sannan naƙuda ta tashi. Mun sha karɓar mace daga kwalekwale jini ya kusa ƙare mata.

Ban ce a bar al'ada ba. Tun kafin damina na raba ma'aikatana ƙauye-ƙauye, muka zauna da masu unguwanni da ungozomomi, aka amince a riƙa yin goyon a gidajen dangi na cikin gari.

Autarsa Falmata na cikinsu. Ta sauka lafiya bayan ƙarin jini, alhali ruwa ya kewaye ƙauyensu.

Na ce, "Kawu, ai ba ni na karɓi haihuwar ba."

Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Ke kika kawo ta kusa da masu karɓa. Riƙe kifinki."

Alhamdulillahi. Ku fa, wa ya taɓa raina karatunku, daga baya ya zo da kifi?