Mai Masaukin Ƙofar Guga

A Ƙofar Guga, duk wanda ya tambayi gidan Hajiya Lailatu, kafin a nuna masa ƙofa sai an ja masa kunne ya shirya amsa tambayoyi. Matasan layin na cewa ta fi ɗan sanda bincike, ita kuwa ko a jikinta. Masu kiranta mai tsanani ba su taɓa kwanciya da tunanin wane ne ke barci a bayan bangonsu ba.

Tela ce tun tana amarya, har ido ya fara gaza zura zare. Da mijinta Malam Hussaini ya rasu, ya bar mata gida mai sashen gaba, ɗaki biyu da banɗaki da ƙofar kansa. 'Yarta Fadila ce ta ɗauki hotunan ɗakunan ta sa a intanet, baƙi suka fara zuwa: 'yan biki, iyayen ɗalibai, masu jinya a asibiti. Wani ya kwana biyu, wani ya yi mako. Da wannan take ɗora tukunya ba tare da ta jira 'ya'ya sun aiko ba, kuma a duniya ba abin da take gudu kamar wannan jiran.

Sai aka shiga zamanin da baƙo ya zama abin tsoro. A wata unguwa, wani ya sauki mutane masu fararen kaya da ladabi, ashe gidan wani ɗan kasuwa suke sa wa ido, suna kai wa 'yan bindiga labari. Bayan haka mai unguwa ya tara masu saukar baƙi ya gaya masu magana ɗaya: duk wanda ya sauki mutumin da ba a san asalinsa ba, za a rufe masaukinsa, ko an yi ɓarna ko ba a yi ba.

Lailatu ba ta jira wannan taro ba, tana da hanyarta tun farko. Baƙo zai zauna a zaure, a kawo masa ruwa da abinci, don a wurinta zaure na kowa ne, ɗaki kuma na wanda aka sani. Za ta karɓi katin ɗan ƙasa, ta gyara tabarau, ta dubi hoto ta dubi mutum. Amma lambar wayar da baƙo zai ba ta ya ce a kira a tambaya, wannan ko kallonta ba ta yi, wai ɓarawo ma yana da aboki. Sunan garinsa kawai take so. Daga nan sai ta kira Yari, wani tsohon direba da ke zaune a tasha, wanda ya san direban kowane layi. Direba ya haɗa ta da mai shayi ko limamin garin, ta tambaya da bakinta ko akwai wane ɗan wane. Hanya ce mai cin lokaci, wasu baƙin kan yi fushi su tafi otal, ta bi su da a sauka lafiya.

Wata safiya da damina wani matashi mai suna Yusuf ya yi sallama, da matarsa Rashida, ciki ya tsufa har tana jan ƙafa. Likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti, don haihuwar ƙila sai an yi aiki. Katinsa lafiya lau, hoton ma nasa ne. Amma da ya faɗi sunan ƙauyensu, can yamma bakin daji, sai Lailatu ta jawo wayarta. Ta kira Yari. Yari ya ce mota ta daina shiga can tun bara, garin ya tashi, ko kaza ba ta rage ba. Yusuf ya ce tun daren da suka gudu yake leburanci gari gari, bai san inda sauran suka watse ba.

Ɗanliti mai shagon da ke kallon ƙofarta, wanda kunnensa ya fi cinikinsa ƙarfi, ya leƙo ya ja ta gefe. Ya tuna mata cewa daga irin waɗannan ƙauyuka ake samun masu kai labari, kuma ciki ba shaida ba ne. Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. In ta ba su ɗaki haka nan, masaukinta na iya rufuwa kafin sati. In ta sallame su, ta san inda yarinyar za ta kwana: kan tabarma a barandar asibiti, cikin sauro da feshin ruwa. Ta dubi ƙafafun Rashida da suka kumbura, tausayi ya kama ta har ta ji haushin kanta.

Ba ta ba su mabuɗi ba, ba ta kuma kore su ba. Ta sa aka shimfiɗa wa Rashida katifa a zaure, ta sake kiran Yari ta ce gari na tashi, amma mutanensa ba sa narkewa kamar gishiri, ya binciko mata inda suka sauka. Can sai ya kira ya ce wani mai ɗaukar itace ya taɓa sauke wasunsu a Batagarawa. Ta yafa mayafi, ta tare keke napep, da ciwon gwiwarta da komai.

A Batagarawa ta sha yawo. Gida ya tura ta gida, kowane sai an gaisa an tambayi gajiya da iyali da ruwa kafin a zo kan magana. A ƙarshe aka kai ta wani kango da aka rufa da kwano, inda ta sami wata tsohuwa tana surfe. Ungozomar ƙauyen su Yusuf ce. Da jin sunan Yusuf da na mahaifinsa ta aje taɓarya, ta lissafo kakanninsa. Da wani ne, da ya tsaya nan, amma Lailatu ta san suna abin aro ne, kati ma ana tsintarsa. Gani ya kori ji. Ta roƙi tsohuwar ta biyo ta birni ta ga fuskar da idonta.

Suka iso bayan la'asar, suka tarar da ƙofar gida cike. Ɗanliti ya kira mai unguwa, Yusuf na tsaye da jakarsa a kafaɗa, kansa a ƙasa, Rashida na ƙoƙarin miƙewa da dafa bango. Kunya ta ishe su, tafiya za su yi.

Mai unguwa ya ce, "Hajiya, kin san abin da muka yi da ku. Wa ya san yaron nan?"

"Ranka ya daɗe, ga wadda za ta faɗa. In ta ce ba shi ba ne, ni da kaina zan raka shi bakin titi."

Tsohuwar ta matso a hankali. Ta kama haɓar Yusuf ta juya fuskarsa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Shi ya riga ta ganewa, jakar ta zame daga kafaɗarsa, ya durƙusa yana kiran "Iya, Iya" kamar ƙaramin yaro.

"Shi ne," in ji ta. "Ni nay yanke mai cibi, ni nay yanke ma ubanshi. Mun ɗauka ya mutu, har sadaka mun yi mai."

Ɗanliti ya tuna ya bar shago a buɗe. Mai unguwa ya gyara hula, ya yi wa Rashida addu'ar sauka lafiya, ya kama hanya.

Lailatu ta kwance bakin zanenta ta ciro mabuɗai biyu. Ɗaya ta miƙa wa Yusuf. Ɗayan ta danƙa a hannun tsohuwar, ta ce mai jego ba ta zama ba babba a kusa. Sannan ta shige ciki ta hura wuta, don tun safe ita kanta ba ta sa komai a bakinta ba.