Innar da Ƙuri'a Ta Hana Karatu

Na manta abubuwa da yawa daga cikin waɗanda aka koya mana a digiri na biyu, wasu ma tun a ƙofar ɗakin jarrabawa na zubar da su. Amma abin da ya faru tsakanina da wata dattijuwa mai sayar da nono a kasuwar Kusada, wannan kam har in koma ga Mahaliccina yana nan a raina.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kankia, ƙarshen mako kuma in hau mota in tafi jami'a, inda nake koyon yadda ake tsara darasi da amfani da na'urori wajen koyarwa. Abokan aikina har tsokanata suke yi, wai ko gaisuwa zan yi sai na rubuta mata manufa. Da aka zo aikin bincike na ce ni ba ruwana da kwamfuta, tunda makarantarmu ko soket mai aiki babu. Sai na naɗi muryata ina koyar da haruffan boko, kowane harafi da hotonsa da sautinsa, na zuba a memori irin wanda ƙananan wayoyi masu madannai ke ɗauka. Ɗalibaina kuwa matan Fulani ne masu kawo nono kasuwa daga rugagen da ke kewaye.

Ranar da na fara yi musu bayani, wata dattijuwa siririya ta jira kowa ya watse, sannan ta matso kusa da ni.

"Malama, in mutum ya san yadda suna ke hita a baki, wannan abin naki zai sa ya gane shi cikin waya?"

Na ce, "Sosai ma, Inna. Wane suna ne?"

Sai ta kau da kai tana gyara faifan ƙwaryarta. Nan take na gane na yi katoɓara, ɗanta na fari take nufi, kuma ko wuƙa za a sa mata ba za ta ambaci sunansa ba. A hankali, da habaici da "yaron nan", na haɗa labarin. Ya daɗe da yin kudu da shanu, shi ya aiko mata da wayar, lambarsa na ciki tare da tarin wasu. In ya kira, duk ruga ake taruwa, ita kuwa kunya ba ta barinta ta wuce "lafiya lau" sai ta miƙa wa ƙannensa. Abin da take so kawai, ran kasuwa in ta juyo gida ita kaɗai a hanya, ta zauna gindin wata bishiya ta kira shi da kanta, ta ji muryarsa ba idon kowa.

Na ce bari in tambayi wata sunan, in nuna mata yanzu a wuce wurin. Ta riƙe min hannu.

"Subhanallahi! A ji a ruga ina neman yaron nan? Ke dai koya mani, ɗiyata, ni zan gane abuna."

To, a irin bincikenmu akwai wata ƙa'ida. Sai an raba mutane gida biyu, a ba wasu darasin a hana wasu, daga ƙarshe a gwada su duka a ga bambanci. Kuma ba a zaɓe da son rai, ƙuri'a ake yi. Na nannaɗe 'yan takardu na zuba a ƙwarya, matan suna ta dariya suna ɗauka kamar wasan biki. Inna ta buɗe tata, fara fat, babu komai a ciki. Ta dube ni, na yi mata bayanin da ni kaina bai yi min daɗi a baki ba, na ce da zarar an gama ita zan fara ba.

Ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Abin ya tsaya min a rai, na je na sami malamin da ke duba aikina. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ce tak." Ya cire tabarau ya ce, "Malama, in kika ba ta, aikin ya gurɓace. Wata nawa ne duka? Ki gama, ki raba wa kowa." Ba mugu ba ne, haka aka koya masa, haka yake koyarwa. Har sai da na ja kunnen waɗanda suka samu memorin kada su ara wa kowa, su kuwa bayin Allah suka riƙe amana fiye da yadda na so.

Ana cikin haka jami'a ta shiga yajin aiki. Takardar gwajin ƙarshe ta maƙale a ofis ba mai sa mata hannu, rani ya wuce, damina ta sauka. Duk ran kasuwa Inna za ta cika min kwano ta ƙara ludayi guda, ta ce, "Malama, ya aiki?" Ko sau ɗaya ba ta sake tayar da zancen ba. Da ta yi min ƙorafi ko gori, wallahi da ya fi min sauƙi.

Wata ran kasuwa na tarar da wurin zamanta babu kowa. Maƙwabciyarta ta gaya min zazzaɓi ya kama ɗan a can kudu, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi. Na hau acaɓa na je gaisuwa. Na same ta zaune a miƙe, idonta a bushe, ita ce ma ke ba matarsa haƙuri. A bakin masu addu'a na fara jin sunan, gajeren suna ne, wanda darussan farko ma sun isa su nuna mata shi.

Da aka janye yajin aiki na kira gwajin ƙarshe, kuma Inna ta zo, don ta yi alkawari. Ina ɗaga harafi tana girgiza kai tana cewa, "Ban san shi ba," ni kuwa ina rubutawa. Muna gamawa na ciro memorin na miƙa mata da hannu biyu.

"Inna, ga naki."

Ta daɗe tana kallonsa, ba ta miƙo hannu ba.

"Ki ba wata, ɗiyata. Ni kuma wa zan kira?"

Ranar kare kundin bincikena na haska sakamakon a bango, sanduna biyu, doguwa ta waɗanda suka samu darasi, gajeruwa ta waɗanda aka hana. Malamai suka yi ta yaba tazarar da ke tsakaninsu. Ni kaɗai na san wadda ke cikin gajeruwar, na kuma san rashin saninta na cikin abin da ake tafa min a kai. A motar dawowa na rufe fuska da mayafi na yi kukan da ita ba ta samu damar yi ba.

Na karɓi digirina, har yau kuma da shi nake aiki, ba zan ce ilimin banza ba ne. Amma abin da na koya, ba a aji na koye shi ba. Duk wanda ya zo neman karatu akwai abin da ya kawo shi, kuma abin nan ba lallai ya jira tsarinka ba. Yanzu in ɗalibi ya zo min, yaro ko babba, nakan fara tambayar me yake so ya yi da karatun, in kuma ina da abin a hannu, a ranar nake ba shi.