Bindigar Nehemiya a Jikin Ɗorawa

Duk unguwar Iku an san Nehemiya da gonar dawar da ya ƙi sayarwa. Gidajen haya sun kewaye ta, shi kuwa ya kafe, don da ita yake ciyar da gidansa. Taurin kan ya jawo masa baƙi: tsuntsayen yankin kaf suka tare a wurinsa, tunda babu sauran gona kusa.

Maganinsu tsohuwar bindigar da ya gada wurin babansa. Sama yake harbawa, ƙarar ta kore su. Kwanson harsashi ba ya yarwa, shi yake sake cika abinsa, kullum da albarushi iri ɗaya.

Bara, dawa na fara nuna, albarushin ya yi ɓatan dabo a kasuwa. Tsuntsaye suka sauka sai ka ce an aika musu goron gayyata. Hankalin Nehemiya ya tashi ƙwarai, abincin shekara ne ke tafiya a gaban idonsa. Sai ga Romanus, maƙwabcinsa mai shago, da ragowar nokawut, abin fashewar nan da yara ke kunnawa lokacin Kirsimeti. Ya ce ai gari gari ne, a fasa a ɗura.

Nehemiya ya ɗura, zuciyarsa ba ta so. Amma ya tuna dokar babansa, cewa harsashin da aka canza wa wani abu ba a gwada shi a hannu. Ya ɗaure bindigar a jikin ɗorawa, ya ja doguwar igiya daga kunamarta, ya laɓe bayan katanga. Romanus na ta dariya, wai tsufa ya kawo tsoro.

Yana jan igiyar, bindigar ta tsage kamar kara.

Nehemiya ya zauna a ƙasa, ƙwalla ta cika masa ido, don abin da babansa ya bar masa ke nan. Matarsa Lidiya ta fito a guje, ko kallon bindigar ba ta yi ba. Hannunsa na dama ta kama tana jujjuyawa.

"Maigida, ɗaga kai ka gani," in ji ta.

Babu tsuntsu ko ɗaya. Ashe ƙarar kawai suke tsoro, ko daga ina ta fito. Tun ranar, nokawut ɗin yake kunnawa ya jefa can nesa, Romanus na kawowa kyauta saboda kunya.

Bindigar tana nan ɗaure, ya hana a kwance ta. Da Lidiya ta tuƙa tuwon sabuwar dawa, da hannun nan ya ci.