Yadda Na Matse Muryar Inna

Wata ranar kasuwar Babura, a daminar da na shiga aji uku, Baba ya dawo gida Gwiwa rungume da rakoda da ya saya hannun wani mutumin Nijar. Ya tarar Inna da Goggo Talatu, ƙanwarsa, suna lugude a tsakar gida, Inna na waƙar daka. Ya laɓe bayan rumbu ya danna jan maɓalli. Da ya kunna musu, Inna ta rufe fuska da gefen zani tana cewa, "Don Allah Malam, kashe abin nan, kada maƙwabta su ji!"

Kaset ɗin ya kwashe komai: dukan taɓarya, kukan kaji, numfashin da Inna ke ja kafin ta ɗaga murya, da 'yar dariyar da ta kuɓuce mata a tsakiya. Mu yara mukan dawo daga kiwon awaki ko wasan langa mu shanya batura a rana don su farfaɗo, mu naɗe zaren kaset ɗin da biro. Bayan shekara biyu Inna ta rasu wajen haihuwa. Daga nan Baba ya hana mu taɓa kaset ɗin. Yakan kunna shi a zaure bayan la'asar, shi kaɗai.

Ina saurayi rakodar ta mutu, Baba ya aike ni Kazaure a juye masa waƙar a memorin wayata. Mai shagon ya ce nau'i biyu ne: babba mai riƙe sauti yadda yake, da ƙarami wanda ake matsewa. "Abokina, abin da aka yanke ba ya dawowa," in ji shi. Ni kuwa so nake waƙoƙin soyayya su samu wuri, na ce ya matse iyakar matsewa. Kaset ɗin na manta shi a akwatin babur ɗina, zafi ya narkar da shi, na jefar a kwata. Na ce wa Baba yana shago.

Da na kunna masa, taɓarya ta koma kamar ana buga gwangwani, numfashin ya ɓace, muryar ta yi siriri kamar daga ƙasan rijiya. Baba ya kara wayar a kunne, ya daɗe, sannan ya miƙo mini. "Sani, wannan ba ita ba ce. Ka karɓo mini kaset ɗina." Har ya kwanta ciwon ajali yana tambaya, ina cewa sai gobe.

A da kaset ɗaya gare mu, muna jin mutum har numfashinsa. Yau wayata na ɗaukar sauti mafi tsabta, ina jin motsin yatsan makaɗin da ban taɓa gani ba. Wurin da na yi wa Inna rowa a memori yana nan fanko, ba ni da abin zubawa.