Takardar Bindigar Kawu Alkasum

A barikin soja, sarjan ya sa wuƙa ya farke ɗinkin fatar da Kawu Alkasum ke ratayawa a wuya. Takarda ce a ciki, ta yi ja don tsufa. Ya miƙo mini, ya ce, "Kai ne ɗan lakwal ɗin, mai karatun boko? Karanta wa tsohonka."

Kawu Alkasum wan mahaifiyata ne, haifaffen Agadas. Yana da shekara ashirin ya shiga aikin wani Anasara mai auna ƙasa, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Jan Wuya. A zamanin, doka ta raba bindiga biyu. Mai harsashi ta farar fata ce. Baƙi sai ta ɗuri, ita ma sai komanda, Anasaran da ke mulkin gari, ya ga dama. Kawu ne ke saɓa bindigar, kuma shi ke harbi, don a cewarsa Mai Jan Wuya ko jaki a turke ba ya samu. In barewa ta faɗi, Anasaran ya ɗora mata ƙafa a ɗauki hoto.

Da zai koma ƙasarsu a shekarar 'yancin kai, ya bar wa Kawu bindigar da wata takarda mai hatimi, ya ce ita ce kariyarsa. Inna Biba, matar Kawu, badukiya ce. Ta ɗinke takardar cikin jar fata kamar laya, ta zauna a wuyansa shekara ashirin da huɗu. Da na dawo daga jami'a a Yamai na ce ya kawo in duba. Ya ce, "Inoussa, ba a buɗe laya. Buɗewa ke kashe ta." Na yi dariya na bar zancen. Dariyar nan ita ke cina yau.

Bana ruwa ya ƙi. Awakin Kawu arba'in suka koma tara, diloli na shiga garke da rana tsaka, bindigar ce kaɗai ke tsare sauran. Sai soja suka sa aka yi shela: duk mai bindiga ya kai ta bariki da takardunta. Maƙwabta suka binne nasu. Kawu ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya ce, "Mai takarda ba ya ɓoyo." Ya ce in raka shi.

A bariki, da sarjan ya miƙo mini takardar, na karanta a zuci, na kasa ɗaga kai.

"Ina sunana?" in ji Kawu.

"Yana can ƙasa, Kawu."

"Me aka ce?"

"Bindigar ta Anasaran ce. An yarda ɗan ƙasa Alkasum ya ɗaukar wa maigidansa ita. Ba a yarda ya harba ba."

Sarjan ya ƙyalƙyale da dariya. "Ashe jakin bindiga ne kai, Baba."

Kawu ya dube shi har ya daina dariyar. Ya ce, "Jakin da ya ciyar da maigidansa nama shekara goma sha biyu. Kai fa, ɗana, wa kake ɗaukar wa taka?"

Sarjan ya jawo littafinsa. Ya rubuta cewa an kama Kawu da makamin yaƙi ba izini, aka shige da shi ciki. Rigar kawai suka miƙo mini. Ina fitowa, motar wasu Anasaru masu haƙar ma'adinai ta wuce za su farauta, bakunan bindigogi sun leƙo ta taga. Sojan ƙofa ya ƙame musu.

Yau kwana goma sha tara. Na rubuta takardun roƙo uku da Faransancin da na yi shekaru ina taƙama da shi, ba amsa. Inna Biba na kai fura bariki kowace safiya, a dawo mata da ita. Shekaranjiya wani soja ya raɗa mata cewa babbar mota ta kwashi mutane zuwa kudu, amma bai ga fuskokinsu ba. Wani direba mai suna Illiya ya yi alkawarin tambaya a Tawa, can kudu, ran Alhamis zai dawo. Har yanzu ba mu san inda Kawu yake ba.