Kunnen Sallama

Da muka je gaisuwar surukai bayan bikinmu, surukina bai nemi abu mai yawa a wurina ba. Manomi ne a Ibeto, dogo, mai ƙarancin magana, irin mutanen da shirunsu ya fi faɗansu ban tsoro. Ya san ina koyarwa a firamare a Kontagora, wannan ya yi masa. Ya kuma san ina kaɗa jita a wata ƙungiyar kiɗa da ke zuwa gidajen biki, wannan kam bai yi masa ba ko kaɗan. Ya ce ba zai raba ni da abin da nake so ba, amma alkawari guda zan yi masa: kada ya taɓa zuwa gidan 'yarsa ya ji kiɗa na tashi. Na ce to, Baba, in sha Allahu. A ranar ko cewa ya yi in daina cin tuwo, to ɗin zan ce.

Na riƙe alkawari, sai dai ni na sha wahalarsa. Jitata ta lantarki ce, in ba a haɗa ta da amfilifaya ba, wato akwatin da ke fito da sautinta, abin da take yi bai wuce kukan sauro ba, ba ka ma gane inda ka yi kuskure. Na daina taɓa ta a gida, sai ranar gwajin kiɗa da muke kira rihaza, a wani shago bayan tasha. Hannuna ya fara nauyi. Kowa ya shiga waƙa a kan lokaci, ni sai in iso daga baya kamar wanda ya tsaya sayen goro a hanya. Shugabanmu, wanda shi ne mai ganga, ya yi haƙuri har ya gaji. Wata rana ya ce mini akwai wani mutumin Nasko da ke kaɗa jita, kuma kwanan nan yana yawan zuwa gaishe shi. Na gane gurbina ake nema.

Abin da nake buƙata ke nan: amfilifaya da za ta yi shiru a gida, ta kuma yi ƙara a rihaza. Ta ƙungiyarmu ba ta cikin lissafi. Tsohuwa ce, muna kiranta Bijimi, sai mutum biyu sun kama kafin ta tashi, kuma hali biyu kawai ta sani, ko a kashe, ko kwanon rufin maƙwabta na rawa.

Na nufi kasuwa wurin wani mai sayar da kayan sauti, wanda masallatai da masu biki ke sayen lasifika a hannunsa. Mutumin kirki ne, amma a duniyarsa kyan kaya shi ne ƙara. Duk wadda ya ɗauko sai ya buga bayanta ya ce wannan in ka kunna ta a nan, mutanen Nasko za su yi maka amshi. Na ce ni wadda nake nema ita ce wadda ko matata a ɗaki ba za ta ji ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni da tausayi.

"To Malam, ai ba sai ka sayi komai ba," in ji shi. "Koma gida ka zauna, babu wanda zai ji ka."

Mai piyanonmu ne ya cece ni. Mutumin Rijau ne, yana kiɗa a cocinsu ranar Lahadi, ya fi mu duka sanin kayan zamani. Ya ce akwai wata irin amfilifaya mai kwaikwayo. Akwai 'yar kwamfuta a cikinta, ta haddace muryoyin manyan amfilifayoyi iri-iri, ka murɗa maɓalli ta yi muryar wannan, ka sake murɗawa ta koma waccan. Abin da ya fi ja na shi ne tana da ramin hedifon, da ka soka shi sautin ya bar akwatin ya koma cikin kunnenka kai kaɗai.

Ya kai ni wurin wani abokinsa mai kawo kayan gwanjo daga Legas. Akwai wata ƙarama mai batir, na so ta saboda halin wutarmu, amma mai piyano ya ce ganga za ta haɗiye ta ko ruwa ba ta sha ba. Akwai wata babba mai maɓallai kamar gaban mota, wadda sai ka haɗa ta da wayar salula kafin ta saurare ka, na ce ni da kyar nake shawo kan ɗalibaina, ba zan ƙara da akwati ba. Sai ta tsakiya, wadda za ta zauna a gaban babur tsakanin ƙafafuna. Muka roƙi mai kayan ya bar mu mu gwada ta a rihaza. Shugabanmu ya zage yana dukan ganga kamar ta yi masa laifi, jitata kuma ta fito sarai a samansa. Ya harare ni, ya ce saura gyaran hannuna. Ita na ɗauka.

Ranar farko da na sa hedifon a gida, daɗi ya kusa kashe ni. Shekarun nan ban taɓa jin jitata a cikin gidana ba sai ranar. Ina murɗa maɓalli, wata murya mai kauri, wata mai zaƙi, wata kamar a cikin babban ɗaki ake kiɗan. Matata ta tsaya tana kallona tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ba ta jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin wayoyin jita, ga ni na rufe ido ina yatsina fuska kamar wanda ya sha tsamiya. Ban damu ba. Cikin 'yan makonni hannuna ya dawo, mutumin Nasko ya rage zuwa gaisuwa.

Sai wata Asabar da hantsi. Matata ta shiga maƙwabta wurin suna, aka kuma yi sa'a akwai wuta. Na shimfiɗa tabarma a zaure saboda ya fi iska, na ja waya, na toshe kunnuwana duka biyu, na rufe ido. Wata gaɓa ce mai wuya nake koyo, yatsana na zamewa a wuri guda kullum. Ina da ɗabi'a, in na yi kuskure sai in girgiza kai in ja tsaki, in yi wa kaina faɗa. Abin da ban sani ba a lokacin, mai hedifon in ya yi magana ihu yake yi.

Sauran labarin daga bakin telan da ke kallon ƙofarmu na ji shi, kuma ya ba ni shi da daɗi, don bai rage komai ba. Ɗan acaba ya sauke surukina da buhun sabuwar gyaɗa. Ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama. Na girgiza kai. Ya ɗauka ban gane muryar ba, ya matso ya sake yi da ƙarfi. Na girgiza kai na ja dogon tsaki. Tela ya ce a nan ya ajiye almakashi. Dattijon ya ce, yaro, ni ne fa. Ni kuma daidai lokacin yatsana ya sake zamewa, sai na buga cinya na ɗaga murya na ce, "A'a! Koma, koma!"

Nufina in koma farkon waƙa. Shi kuwa ya jingine buhun a bango, ya kira ɗan acabansa da bai yi nisa ba, ya koma Ibeto.

Da matata ta dawo ta ga buhun, ta ji bayanin tela, ba ta yi faɗa ba, zama ta yi ta rafka tagumi, wannan ya fi tayar mini da hankali. A wurinmu ko maƙiyinka ya yi sallama sai ka amsa, balle uban matarka. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma san jitar nan tana gab da barin gidan.

Washegari muka hau babur, ita a baya, amfilifaya a gaba, jita a rataye. Na san baki ba zai iya bayanin nan ba. A Ibeto babu wuta, sai da na ari ƙaramin janareto wurin mai aski. Surukina yana zaune a zaurensa. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na yi sallama. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara magana kafin ya amsa. Na ba da haƙuri, na roƙe shi abu guda, ya bari in sa masa abin nan a kunne. Ya dubi 'yarsa, ta sunkuyar da kai, sai ya cire hula.

Na fara kaɗawa a hankali ina sauya muryoyi. Fuskarsa ba ta motsa ba, har na iso kan wata siririyar murya busasshiya. Ya ɗaga hannu, ya ce da ƙarfin da ya sa kaji suka watse, "Bar ta nan, wannan molo ce." Ya rufe ido. Can sai ga kansa yana kaɗawa.

Daidai nan surukata ta shigo da kwanon ruwa. Ta yi sallama, shiru. Ta sake, kai kawai yake kaɗa mata. Ta ajiye kwanon ta riƙe haɓa tana kallonsa. Da ya cire hedifon ta ce tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa ƙin amsa mata sallama ba sai yau. Matata ta toshe baki da mayafi. Ni ƙasa na kalla, don in na yi dariya na gama yawo.

Ya daɗe yana juya hedifon a hannunsa.

"Na ce kada in ji kiɗa a gidanka, kuma ban ji ba, ka cika alkawari," in ji shi. "Amma ban ce kai kada ka ji ni ba. Kunne biyu Allah Ya ba ka. Ɗaya na jita, ɗaya na mutane."

Tun daga ranar a karkace nake sa hedifon, kunnen dama a rufe, na hagu a buɗe wajen ƙofa. Abokan kiɗana suna tsokanata, wai na sayi abu sukutum ina amfani da rabi. Shi kuwa Baba bai taɓa janye dokarsa ba. Sai dai in ya zo, bayan an gaisa an ci abinci, yakan cire hula ya ce a sa masa molon nan, tunda a kunne ne, ba a gida ba.

Ya rasu daminar bara. Har yanzu ban iya rufe kunnen hagu ba. In ina kiɗa a zaure na ji babur ya tsaya a ƙofa, sai in dafe wayoyin jitar da tafin hannu, in jira sallama.